Lambar Warantin Da Yayana Ya Haddace

Tun muna yara ake kiran yayana Rula. Ko sunansa zai rubuta a takarda sai ya ja layi tukuna. Takalmansa a bakin ƙofa kai ɗaya suke kallo, biro uku a aljihun rigarsa, kowanne da aikinsa. Inna kan ce, "Wannan yaron ko faɗuwa zai yi, a miƙe zai faɗi." Mu biyar ta haifa, shi ne babba, ni ce ta ƙarshe, kuma har yau da nake da jikoki biyu Auta yake ce min.

Shekara ashirin da shida ya yi a kamfanin waya. Da hawan turke ya fara, yana ɗaura wayoyi a rana, har gwiwarsa ta hagu ta ce ta gaji. Sai aka mai da shi ofis. Da suka ga mutum ne da ba ya ɓatar da ko allurar maƙala takarda, ba ya kuma hira, sai suka ba shi ɗakin da ke ƙarshen baranda a hawa na uku. A nan ya yi shekara tara na ƙarshe.

Ban taɓa shiga ɗakin ba. Shi ya zana min shi daga baya a bayan kalanda, da rularsa. Babu taga. Ƙofa ɗaya ce, da kati ake buɗe ta, katin kuma sunansa ne a jiki. Tebur, kujera biyu, kwamfuta, kabad ɗin ƙarfe, da na'urar sanyi da ke hura masa ƙeya har ya riƙa sa rigar sanyi a tsakiyar zafi. Wayarsa ma a akwati yake barinta a waje.

Aikin shi ne: idan jami'an tsaro suna son su saurari wayar wani, ko su ga saƙonninsa da inda yake kwana, doka ta ce sai sun je wurin alƙali ya ba su takardar izini, wadda ake kira waranti. Kowane waranti da lambarsa, da sunan wanda za a saurara, da adadin kwanakin da aka yarda. Sai su kawo wa Yaya. Shi kuma ya cike gurabe bakwai a kwamfuta. Gurbi na bakwai shi ne lambar waranti. In ba a cike shi ba, na'urar ba ta motsi. Wanda ya ƙera ta ya san halin mutane, Allah Ya saka masa.

Shekarar farko komai a kan layi. Sannan wani mutum ya fara zuwa daga ofishin tsaro. Duk Laraba yake zuwa, don haka suka sa masa Na-Laraba. Mutum ne mai fara'a, yana tambayar lafiyar gwiwa, yana tsokanar Yaya kan rigar sanyi. Wata Laraba ya zaro 'yar takarda da aka yago daga littafi, lambobin waya huɗu a jiki da rubutun hannu.

Yaya ya ce, "Ina warantin?"

"Yana hanya, babban yaya. Alƙalin ne ya tafi ta'aziyya."

"To in ya dawo sai mu yi."

Na-Laraba ya yi dariya ya fita. Minti goma sai ga shi da Manaja.

Manaja ya ce, "Rula, me ke faruwa?"

"Ranka ya daɗe, gurbi na bakwai ne. Ba ya karɓar fanko."

"Wanne ne warantin ƙarshe da aka kawo maka?"

"Na wasu ɓarayin mota, makon jiya."

"To sa lambar wancan. In sabon ya zo ka gyara. Kai da mutanen gwamnati ne za ka tsaya ja-in-ja? Lasisin kamfanin nan a hannun wa yake?"

Ya sa. Ya kuma ɗauko sabon fayil, ya ja layi a bangonsa ya rubuta "Ana Jira", ya ajiye a kabad don ranar da warantin zai iso. Shekara takwas fayil ɗin nan yana kabad, ko takarda ɗaya ba ta shige shi ba. Laraba ta bi Laraba, 'yar takarda ta bi 'yar takarda, lambar ɓarayin mota kuwa ta zauna a yatsunsa har ba ya duba allo in zai buga ta.

Mu a gida ba mu san komai ba sai alfahari. Ni da bakina na sha faɗa wa matan da ke kawo min ɗinki, "Yayana babba ne a kamfanin waya, ɗakinsa ko manajoji sai sun ƙwanƙwasa." Ina faɗa ina gyara ɗaurin kai.

Yanzu sai in gabatar da Sista. Maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu, ma'aikaciyar jinya a ɗakin yara na babban asibiti. Lokacin ciwon ajalin Inna, ita ce ke tashi daga aiki ta wuce gidanmu da kayan aikinta a jiki. Ita ke juya Inna kada bayanta ya yi gyambo, ita ke yanke mata farce, ita ta koya mana yadda ake ba mai shanyewar jiki ruwa da cokali. Wata biyar. Ranar da aka yi rasuwar Yaya ya ce a gaban kowa, "Wannan baiwar Allah ba mu da abin da za mu biya ta."

Shekara biyu bayan haka iskar numfashi ta ƙare a ɗakin yara, sau uku cikin wata ɗaya. Yara suka mutu a hannunta. Ta rubuta wa shugabanni, shiru. Ta sake rubutawa, aka ce ta iya bakinta. Sai ta kira wani ɗan jarida ta faɗa masa abin da ta gani. Labarin ya fito ba sunanta, gari ya ɗauka.

Wata Asabar da rana Yaya ya shigo shagona. Ba ya zuwa haka kawai. Ya tsaya yana naɗe min tef ɗin awo da na yar a kan tebur, ya naɗe shi tsaf, sannan ya ce, "Auta, ki rage kiran Sista a waya."

"Me ta yi?"

"Ai katanga ɗaya ce. In kina da magana ki leƙa."

"Yaya, ruwa ba ya tsami banza."

"Ni dai na faɗa miki."

Ya fita. Ni ba yarinya ba ce, na kuma gama sakandare. Na gane sarai. To me na yi? Na daina kiranta. Shi ke nan abin da na yi. In ta kira sai in bar wayar ta yi ta ƙara a cikin kwandon zare, in an jima in leƙa ta katanga in ce caji ne ya ƙare. Mako bakwai ina ganinta tana shanya a tsakar gida, waya a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, tana ta zuba. Taku goma ne tsakaninmu. Ban taka ba. Na shafa wa gemuna ruwa na bar nata yana ci da wuta.

Aka kira ta gaban kwamitin ladabtarwa. Suka karanta mata maganarta da ɗan jarida kalma bayan kalma. Ba su tsaya nan ba, suka karanto hirarta da ƙanwarta kan 'yar ita Sistar mai shekara goma sha biyu da ke fitsarin kwance, wani a cikinsu har da murmushi. Me ya haɗa fitsarin yarinya da iskar numfashi? Don dai su nuna mata babu inda ba su shiga ba. Suka kore ta, suka karɓe lasisinta. Matar da ta yi shekara ashirin da biyu tana sa wa jarirai allura a jijiyar da ido ba ya gani, ta koma zaman gida.

Bayan shekara uku wata lauya ta ɗauki maganar, ta kai ma'aikatar lafiya da kamfanin waya kotu. Lauyar ta yi wa Sista bayani a sauƙaƙe: in aka nuna an saurari wayarta ba da izinin alƙali ba, hujjar da aka kore ta da ita ta rushe, lasisinta ya dawo. In ba a nuna ba, shi ke nan har abada.

Lauyoyin gwamnati suka ce maganar tsaron ƙasa ce, ba za su ce an yi ba, ba za su ce ba a yi ba. Kamfani ya aiko da wasiƙa mai tambari: duk buƙatar da muka taɓa aiwatarwa tana ɗauke da lambar waranti. Kun ji iya ƙarya da gaskiya! Aka ce su kawo rajistar a gani, suka ce sirri ne. Alƙali ya ce wa lauyar Sista, "Zato ba hujja ba ne. Na ba ki kwana talatin ki kawo min abin da zan riƙe, in ba haka ba na kori ƙarar."

A lokacin Yaya ya riga ya yi ritaya. Sun ba shi agogon bango, sun kuma sa ya sa hannu a takardar rantsuwa cewa abin da ya gani a ɗakin nan zai tafi da shi kabari, in ya faɗa kuwa ɗauri ne.

Saura kwana goma sha biyu Sista ta shigo shagona. Ta zauna a benci, ta jira mai karɓar ɗinki ta fita.

Ta ce, "Maman yara, cajin wayarki ya gyaru?"

Ƙafata ta tsaya a kan keken ɗinki.

"Zaman gida yana da amfani," in ji ta. "Mutum ya samu lokacin tunani. Na yi ta lissafi, yaushe ƙawata ta daina ɗaga wayata? Sai na ga mako bakwai ne kafin kwamiti. Na ce to ita wa ya gaya mata? Sai na tuna wa take da shi a hawa na uku."

Da ƙasa za ta tsage da na shige da keken gaba ɗaya.

"Ba faɗa na zo yi ba, ba ni da ƙarfinsa. Tashi ki kai ni wurin yayanki."

Muka same shi a falo yana jera tsofaffin jaridu bisa kwanan wata. Matarsa ta kawo ruwa, ta ga fuskokinmu, ta tsaya a bakin ƙofa da tiren a hannu. Sista ta faɗi abin da ya kawo ta, ba ta ɗaga murya ba.

Yaya ya ce, "Sista, na yi rantsuwa."

"Ni ma na yi, ranar da aka ɗora min hular aiki. Ita ta kai ni inda nake."

"Ni ban taɓa sauraron kowa ba. Wallahi ko kalma ɗaya ban ji ba. Lamba kawai nake bugawa, sauraron a can ofishinsu ake yi."

Nan na fashe, ni da ba ni da bakin magana. Na ce, "Yaya, wanda ya buɗe wa ɓarawo ƙofa ya ce shi bai ɗauki komai ba?"

Ya juyo ya dube ni. "Ke kuma da kika ga ƙofar a buɗe, me kika yi?"

Matarsa ta ce, "Ku ji tsoron Allah, mutumin nan yana da hawan jini. In aka ɗaure shi ku za ku yi masa zaman?"

Sista ba ta kula mu ba. Ta ce, "Abu ɗaya zan tambaye ka. Da aka kawo lambata, ka gane ta?"

Ya daɗe yana daidaita gefen jaridun.

"Na gane. Ita nake kira lokacin ciwon Inna."

"To?"

"Hannuna ya yi rawa."

"Amma ya buga."

"Ya buga."

Ta miƙe ta gyara mayafinta. "Na gode da ruwa," ta ce wa matarsa, ba ta kuwa sha ba.

Kwana tara ban ji ɗuriyar Yaya ba. Matarsa ta ce min ya daina fita, abinci sai ya ɗan taɓa ya ture. Saura kwana uku ya zo shagon da takarda a ninke. Ya ja layi biyu, tsakaninsu lamba.

"Ki kai wa lauyar. Ki ce mata ta sa a binciko wannan warantin."

Na kai. Lauyar ta juya takardar ta ce, "Uwa, takarda ba ta rantsuwa. Za su ce ni na ƙirƙira. Sai mai hannun ya zo da bakinsa."

Na koma na faɗa masa. Ya ce, "Ɗauri ne fa, Auta."

Na ce, "Na sani."

Ya ce, "Ki goge min farar rigata. Matata ta ce ita ba za ta goge ba."

Ranar kotu kamfani ya zo da lauyoyi uku. Manaja, wanda yanzu ya zama babban darakta, yana zaune a bayansu, ya kalli Yaya kamar bai taɓa ganinsa ba. Lauyan gwamnati ya miƙe ya ce a fitar da jama'a, a kuma tuna wa shaida rantsuwar da ya yi. Alƙali ya ce, "Lambar takardar kotu zai faɗa. Takardar kotu ba ta zama sirri a wurin kotu. Zauna."

Lauyar Sista ta ce, "Baba, wace lamba ka sa a gurbi na bakwai ranar da ka shigar da wayar wannan matar?"

Ya faɗe ta a tsaye, bai duba komai ba.

"Ya aka yi ka riƙe ta haka?"

"Ita nake sawa kullum."

"Kamar sau nawa?"

"Sau ɗari shida da goma sha ɗaya."

Wani a baya ya ce, "Kai!" Ni ban yi mamaki ba. Rula ne, dole ya ƙirga.

Sai lauyan kamfani ya taso, yana murmushi kamar ya zo gaisuwa.

"Wa ya buga lambar?"

"Ni."

"Katin wa ke buɗe ƙofar?"

"Nawa."

"Ka ce an umarce ka. Ina takardar umarnin?"

"Da baki aka faɗa min."

"Shi jami'in da kake cewa yana kawo maka lambobi, ya sunansa?"

Yaya ya ce, "Na-Laraba muke ce masa."

Kotu ta kwashe da dariya, har magatakarda. Shekara takwas mutum yana zama a kujerar da ke gabansa, yana tambayar lafiyar gwiwarsa, Yaya bai taɓa cewa ya nuna masa katin aiki ba. Na ga wuyan Yaya ya sunkuya. Tun da nake ban taɓa ganinsa a tanƙware ba sai ranar.

Alƙali ya sa a binciko warantin. Bayan mako biyu aka kawo shi, takarda biyu a cikin fayil da ya fara cin ƙura. Na ɓarayin mota ne, mutum uku, kwana talatin. Har sun gama zaman gidan yari sun fito, ɗaya ma an ce ya buɗe gareji.

Aka soke korar Sista, aka ce a mai da mata lasisinta. A bakin kotu ta tsaya gaban Yaya ta ce, "Na gode da abin da ka yi a nan. Sauran kuma ban shirya ba tukuna." Ni ko kallona ba ta yi ba. Ta koma ɗakin yara a watan da ya biyo. Muna gaisawa ta katanga, amma ba ta ƙara shigowa gidana ba, ni ma ban ga fuskar da zan shiga nata da ita ba.

To ku tambaye ni wa aka hukunta. Kamfani ya fitar da sanarwa cewa kuskuren tsohon ma'aikaci ɗaya ne, sun kuma ɗauki mataki. Wane mataki, a kan wa, oho. Ofishin tsaro ya ce ya duba, ba shi da wani jami'i mai wannan suna. Ai kuwa ba shi da shi! Da lauyoyi suka fara neman sauran mutum ɗari shida da goma, 'yan majalisa da kan yi shekara ba su gyara dokar asibiti ba suka zauna cikin mako uku suka yi sabuwar doka: duk kamfanin da ya taimaki jami'an tsaro da kyakkyawar niyya ba a kai shi ƙara, har da abin da ya riga ya wuce. Kyakkyawar niyya! Na karanta hukuncin Sista shafi arba'in, da gilashina, layi bayan layi. Babu sunan Manaja, babu na wanda ya aiko Na-Laraba, babu na wanda ya yi murmushi kan fitsarin yarinya. Sunan yayana ne kaɗai, sau goma sha tara. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta. Ban ce ba shi da laifi ba, yana da shi, ni ma ina da nawa. Amma giwa ta wuce, an kama ɓera an ce shi ya karya katanga.

An aiko masa da wasiƙa cewa ana duba batun karya rantsuwa. Shekara guda ke nan ana dubawa. Duk motar da ta tsaya a layinsu sai matarsa ta leƙa ta labule.

Waɗanda ke zuwa kuwa ba masu mota ba ne. Tun da kotu ta rufe musu ƙofa, mutane suka gano gidansa. Malamin makaranta da aka yi wa canjin wurin aiki ba dalili, shugabar 'yan kasuwa da aka tsare kwana huɗu, wata mata da mijinta ya sake ta bayan an tura masa saƙonninta. Sukan tsaya a bakin get su yi sallama. Matarsa ta ce ya daina fitowa, ya ƙi. Yakan fito da kujera biyu.

Ina can ranar da wani dattijo ya zo, direban bas ne, da lamba a rubuce a bayan tikiti. Ta ɗansa ce, shugaban ɗalibai da aka kora daga jami'a saura wata huɗu ya gama, ya bar ƙasar, har yau ba ya yarda ya yi wa uwarsa magana a waya fiye da minti ɗaya.

Yaya ya ce, "Karanto min, Baba."

Ya karanto. Yaya ya rufe ido, yatsunsa suna motsi a kan gwiwarsa.

"Tana ciki."

Dattijon ya gyaɗa kai. Bai yi zagi ba, da ma ya yi.

"To yanzu wa zan kai ƙara?"

"Ni kaɗai na rage," in ji Yaya.

Dattijon ya dube shi tun daga furfura har silifas, ya mai da tikitin aljihu, ya ce, "Kai kuma me zan yi da kai?"